Jirage a Tudun Ƙwai

Tarakta ta riga ta kamo hanyar tudun yashin, tana jan jirgin kamun kifi na farko, lokacin da Mbarka ta tsallake igiyar shinge ta tsaya a gabanta. Madubin hangen nesa na rataye a wuyanta. Larbi direba ya taka birki, ya leƙo yana zare ido.

"Kin gaji da duniya ne, Mbarka?"

"Kashe injin nan tukuna, mu ji juna."

Shekara shida ke nan ƙungiyar kare tsuntsaye ta ɗora mata lura da wannan tudu. Kowace bazara ƙananan fararen tsuntsayen teku masu baƙin kai sukan zo su tona 'yan ramuka a yashi su saka ƙwai, ƙwan da ba ka bambanta shi da tsakuwa sai ka durƙusa. Bana sun fi kowace shekara yawa.

Yayanta Bushaib, shugaban masuntan ƙauyen, ya iso yana haki.

"Ba ki ji rediyo ba? Kafin la'asar igiyar ruwa za ta cinye inda muke ajiye jirage. Tudun nan kaɗai ya rage mana. Ko so kike mu ci ƙwan tsuntsu har ƙarshen shekara?"

"Na ji, Yaya. Jirage za su hau. Tarakta ce ba za ta hau ba."

"To a ka za mu ɗauko su?"

"A kafaɗa. Babanmu da tarakta yake hawa da nasa?"

Masunta suka fashe da dariya. Wani dattijo daga baya ya ce, "Ta kama ka, Bushaib. Tumbin nan dama yana neman aiki."

Bushaib ya dubi teku. Ruwan ya soma yin duhu, iska tana ɗebo yashi tana watsa musu a fuska. Gardama za ta ci lokacin da ba su da shi. Ya cire rigarsa ya jefa wa Larbi.

Mbarka ta tuɓe takalmi ta shige gaba. Ta san inda kowane rami yake, sai ta fitar musu da wata siririyar hanya mai lanƙwasa, maza suna biye da ita da jirgi a kafaɗa, suna sa ƙafa inda ta cire tata. Tsuntsayen suka tashi suna tsuwa, suna kawo sura a kan mutane. Ɗaya ta caki Larbi a sanƙo, ya yi ta zaginta har kakanninta.

A jirgi na ƙarshe, wanda shi ne na Bushaib, wani ya yi tuntuɓe, ƙafarsa ta fita daga hanya. Kowa ya ji ƙarar fashewar. Mbarka ta dubi ƙwai biyun da suka dagargaje, amma ba ta tsaya ba.

"Ku ci gaba. Hagu kaɗan."

Ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa. Ya share tsohuwar ma'ajiyar jirage ƙaf, ya kuma lashe ramukan da ke gindin tudun. Kwanaki aka yi babu mai fita kamun kifi. Mbarka takan zo da sassafe ta duba abin da ya tsira, kuma mafi yawa sun tsira.

Ranar da teku ta kwanta, masunta suka taru don sauke jirage. Bushaib ya zagaya ta gaban nasa, sai ya tsaya cak. A tsakiyar siririyar hanyar, daidai bakin jirginsa, wata tsuntsuwa ta tona sabon rami. Ƙwai ɗaya na kwance a ciki.

"Sai yaushe zai ƙyanƙyashe?"

"Kusan mako uku," in ji Mbarka. Ta san a gidansa tukunya ta fara yin sanyi.

Bushaib ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya juya ga mutanensa.

"Larbi, kira duk mai kafaɗa a ƙauyen nan, har da liman. Ta samansa za mu ƙetare da jirgin."

Ya sunkuya ya dubi ƙwan, ya girgiza kai, ya ce da tsuntsuwar:

"Duk faɗin tudun nan, ba ki ga wuri ba sai ƙofar gidana."