Giyar Bikin Clémence a Tukunya

A ƙauyenmu na yankin Burgundi a ƙasar Faransa, ranar da aka gama tsinkar inabi dole a ciyar da ma'aikata, kuma abincin ranar ba ya wuce naman sa da aka dafa cikin jar giya. Tun jajibiri ake ɗora shi, don sai ya kwana yake yin daɗi. Ni nake dafawa tun ina amarya, amma a shekarar nan gwiwata ta ƙi, sai na bar wa Nolwenn, matar ɗana, murhu.

Yarinya ce mai hankali, sai dai 'yar bakin teku ce, can inda ruwan tuffa suke sha, ba giyar inabi ba. Maigidana Anatole bai taɓa kiran sunanta ba. "Baƙuwa" yake ce mata, ita kuwa ba ta da burin da ya wuce ya karɓe ta a matsayin 'yar gida.

"Inna, wace giya zan zuba?" ta tambaye ni.

"Kada ki kwaso mini mai tsami, 'yata. Wadda za ki iya ba babban baƙo a kofi, ita za ki zuba."

Ta sauka ɗakin ƙasa inda muke ajiya, ni kuma ɗumin murhu ya sa gyangyaɗi ya kwashe ni. Ƙanshi ne ya tashe ni. Ta soya naman ya yi ja, ta barbaɗa fulawa, ta sa karas da tafarnuwa, ga ƙananan albasa da naman kaza, wato laimar kwaɗi, a gefe suna jiran lokacinsu. Zan buɗe baki in yaba ke nan, sai idona ya faɗa kan kwalabe biyu, wayam, duk ƙura, kowace da alamar alli a gindi.

Nan take na gane su. Shekarar da aka haifi autarmu Clémence, Anatole ya jera waɗannan kwalaben, ya ce ba mai taɓa su sai ranar aurenta. Ga bikin saura 'yan watanni.

"Na ga sun fi sauran ƙura, na ce su ne masu kyau," in ji Nolwenn.

"Ai kuwa kin iya zaɓe," na ce. "Kawo su in tura ƙarƙashin itace."

"A'a, Inna. Mutumin da ke shinshina kofi ya faɗi gonar da inabin ya fito? Ni zan gaya masa."

Da safe Anatole ya shigo kicin kamar yadda ya saba, ya ɗaga murfin tukunya ba tare da ya tambayi kowa ba. Romon ya yi kauri, ya yi duhu yana sheƙi. Ya ɗiba a cokali ya kai baki. Ya sake ɗiba.

"Baba," in ji Nolwenn, ta ajiye kwalaben a gabansa, "ni na ɗauko. Ban sani ba."

Na riƙe hannun kujera ina jiran tsawa. Sai tsohon nan ya zauna a kan buhun dankali, ya cire hula, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Honorine," ya ce mini, "kin tuna lokacin zafi da na daina cin abinci, kika ce ciwon ciki ne?"

"Na tuna. Har shayin ganye na yi ta ɗura maka."

"Ɗaya na buɗe a ɓoye in ɗanɗana. Giyar ta gaji, ƙarfinta ya tafi. Uban angon nan kuwa, mun yi shekaru muna gardamar wa ya fi wani iya giya. In zuba masa wannan a kofi, ai har in mutu yana ba da labarina a kasuwa. In zubar kuma hannuna ya ƙi." Ya nuna tukunya da cokali. "Ashe nan ne gidanta."

"Tsohon banza!" na ce. "Ka bar ni ina ta dafa maka ganye?"

Clémence, da ke tsaye a bakin ƙofa da kwandon burodi, ta fashe da dariya. "Wato ni ce na daɗe a gida har giyata ta tsufa, ko Baba?"

"Ke yi mini shiru. Sauran kwalaben duk tukunya za su shiga ranar bikinki, kuma ga mai dafawa nan." Ya miƙa kwano. "Nolwenn, zuba mini tun kafin mayunwatan can su shigo."

Ya karya sunan, ya faɗe shi a karkace. Ita dai ba ta gyara masa ba. Ta cika masa kwano har romo na zuba a yatsunsa.