Durowa ta Uku

Ustaz Fahmi ya jawo durowa ta uku, ya zura hannu layi na biyu daga hagu, ya zaro taye ba tare da ya duba ba. Masu sayayya suna ɗaukar wannan gwaninta ce. Gaskiyar magana, ko ya duba ba gani zai yi ba. Wata takwas ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, kuma ban da matarsa babu wanda ya sani.

Shekara talatin da huɗu yana wannan kanti na tsakiyar Alƙahira, aikinsa haɗa wa maza kwat da shat da taye. Dokarsa ɗaya ce, ya faɗe ta har bakinsa ya gaji: zane biyu masu girma ɗaya ba sa zama a ƙirji ɗaya. In shat mai siraran layuka ce, taye ya zo da manyan ɗigo, ko ya zo fili. Da ido ya fara gazawa sai ya haddace durowoyin nan tas, gurbi-gurbi. Dole ce ta sa, don Ra'uf, ɗan marigayi mai kantin, tun da ya gaji wurin yake maganar kawo matasa, kuma idan yana faɗa Fahmi yake kallo.

Mai sayayyar yau Hajji Sabri ne, tsohon direban jirgin ƙasa. Ya shigo yana haki, sanye da kwat ɗin aurensa da ya ƙi maɓalluwa a tumbi. Ya ce bayan la'asar za su je nema wa ɗansa auren 'yar wani likita, shat ɗin jikinsa kuma tasa 'yar ce ta sayo, mai siraran layuka shuɗaye.

"Ka gyara ni, Ustaz," ya ce. "Kada mutanen nan su kalle ni su ji warin man jirgi."

Fahmi ya ɗaura masa tayen, ya ja baya kamar mai nazari. Inuwa kawai yake gani. Sai ga Ra'uf ya taso daga bayan tebur yana dariya.

"Layi a kan layi? Masha Allah, tsoho ya waye. Haka samari suke yi yanzu."

Fahmi ba haka ya sani ba. A gurbin nan jan taye ne mai manyan ɗigo, shekara da shekaru. Ra'uf ya ci gaba da zuba, ya ce ranar Juma'a ya sake jera durowoyin bisa launi. Ya rage murya ya ƙara da cewa da ya yi niyyar sallamar Fahmi ƙarshen wata, amma tunda hannunsa ya fara sakewa, a bar maganar.

To, abin da ake bukata kawai shi ne Fahmi ya yi shiru, kuma shiru ba wuya gare shi ba. Ya gaji da tsayuwa, ya gaji da ƙirga matakala, ya gaji da gane mutane ta murya yana yi kamar da ido ne. Amma gida na jiran albashin nan.

Hajji Sabri ya daɗe a gaban madubi. Ya ce layukan kamar suna ɗan yi masa rawa a ido, amma shi me ya sani? Hannun Fahmin nan ne ya zaɓa masa tayen aurensa, har ta rasu matarsa tana yabon hoton.

"Tunda kai ka zaɓa, Ustaz, shi ke nan."

Fahmi ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana sabon yanka a kantin.

"Cire shi, Hajji," ya ce. "Ba zaɓa na yi ba. Ba na gani."

Fahmi ya jawo durowoyin, ya roƙi Hajji ya riƙa faɗa masa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Tsohon direban ya saka tabarau ya shiga karantowa kamar sunayen tashoshi: kore fili, toka mai gida-gida, ja mai ɗigo.

"Ɗigon kamar me?"

"Kamar wake."

"Shi ne."

Ya ɗaura shi da kansa, ya danna ɗan lotsi a ƙarƙashin ƙullin, ya gyara kwala. Wannan kam hannu ya sani. Hajji ya riƙe hannun nasa da hannu biyu, sannan ya fita.

Fahmi bai jira jin ta bakin Ra'uf ba. Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya naɗe, ya sa a durowa ta uku, ya tura ta a hankali.

A tasha rana na dukan kai. Motar bas ta tsaya, jama'a suka yi kanta. Wata takwas yana cankar motar unguwarsu da ƙarar inji, sau uku tana kai shi unguwar da ba tasa ba. Ya juya wajen matar da ke gefensa.

"'Yata, don Allah, lamba nawa ce wannan?"