Tulun da Fenti Bai Kai Kansa Ba

Ranar sallah Hafiza ta shigo gidansu na unguwar New Bell a Douala rungume da kwali. Tun kafin azumi take zuwa unguwar Makèpè koyon ginin yumɓu, yau kuma za ta raba abin da ta gina. Kawu Zailani ya samu kofi shuɗi, Goggo Hawa'u ta samu kasko mai ƙyalli kamar tangaran.

Can ƙasan kwalin akwai wani ɗan tulu ja, karkatacce, wanda fenti ya ƙare kafin a kai kansa. Hafiza ta ja takarda za ta rufe shi.

Kakarta, Nana Hadiza, ta ce, "Ke, miƙo min wancan."

"Iya, ai wannan ba a gama shi ba."

"Miƙo dai."

Tsohuwar ta tsiyaya masa ruwa daga buta. Tulun ya yi wata 'yar ƙara yana tsotsewa, sai ƙamshi ya tashi, irin na busasshiyar ƙasa idan ruwan fari ya sauka. Ta lumshe ido. A waje ana ta tsuga ruwan Douala, wanda ba ya barin ƙasa ta ji ƙishi balle ta yi ƙamshi. Ita kuwa tuni ta koma Daura, tana yarinya, tana leƙa randar mahaifiyarta a gindin durumi.

Ta kafa baki ta sha a hankali, ta daɗe ba ta sauke ba.

Sannan ta ce, "Hafiza, tun da aka kawo ni garin nan ban sha ruwa ba sai yau."