Ba Magani Ba Ne, Taimako Ne

Mai Saiwa ta tuɓe farar rigar ta rataye a ƙofar ɗakin marasa lafiya, a kan idon babbar nas.

"Inna, doka ce fa," in ji nas ɗin. "Ba riga, ba aiki."

"To dokar ta shiga ta tambayi mara lafiyan."

Tun da asibitin ya ɗauke ta, ya ba ta ɗan ɗaki don masu neman maganin gargajiya, rigar nan ke jawo mata tsiya. Mutumin da zai zazzage mata cikinsa a shagonta na kasuwa, da ya gan ta cikin fari sai ya zama waliyyi, ko ruwan ɗumi bai taɓa sha ba. Rabin ma'aikatan kuwa jira suke ta yi tuntuɓe a rufe ɗakin.

A gadon ƙarshe wani tsohon direba ne kwance, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Ƙodarsa sai ƙara lalacewa take, likita ya rasa dalili. An tambayi tsohon har an gaji ko yana shan wani magani, ya rantse ba ya sha. Shi ne likitan ya ce ta gwada.

Ta ja kujera ta zauna, suka gaisa a tsanake.

"Malam, ni ba zancen magani ya kawo ni ba. Wane taimako ake kawo maka daga gida?"

"Au, taimako? Ai wannan daban. Su magani suka tambaya." Ya zaro gorar roba daga ƙarƙashin matashi. "Na hawan jini ne, uwargida ke sayo min."

Ta karɓi gorar ta duba. Jan zaren da ke wuyan gorar ɗaurinta ne. Jiƙon shagonta ne, wanda ta bar wa ƙanwarta tsaro.

"Yaya kake sha?"

"An ce cokali. To ƙato kamata, cokali me zai yi min? Kofi nake cikawa, in bi da ƙwayoyinsu."

"Kai, Malam! Motarka ma haka kake ɗura mata mai har ya malala?"

"Ki rufa min asiri, Inna, kar likita ya ji."

Asirin ai nata ne. Tana iya tuttule gorar a makewayi, ta ce jiƙon wani mai talla ne, ɗakinta ya tsira. Amma sai a ci gaba da lalube a jikin bawan Allah. Haushi ya turnuƙe ta, na tsohon, na ƙanwar, da na kanta.

Ta tarar da likita a bakin ƙofa, babbar nas na gefensa riƙe da rigar.

"Ga abin da yake sha," ta ce. "A kai ɗakin gwaji. Zan faɗa maka kowace saiwa da ke ciki."

"Yaya aka yi kika sani?" in ji likita.

"Ni na haɗa shi."

"Ka ji ko!" nas ta ce. "Wallahi ɗakin nan ya gama rufuwa."

"Ku rufe, har da kwaɗo. Gora ba za ta fasa shigowa asibitin nan ba. Mai tambayarta ce kawai za ku rasa."

Nas ta miƙo mata rigar, ta ƙi ko kallonta. Ta koma ciki, ta ja kujerar zuwa gado na gaba.

"Sannu, Baba. Kai kuma wane taimako ake kawo maka?"