Ranar da Aka Hana Israa Magana

Israa 'yar Malam Ya'ƙub ta daɗe tana tsaye a sahun baya. Kada ku yi saurin sa mata albarka, ba sahun masallaci ba ne. Sahun 'yan amshi ne na gidan opera, can tsibirin tsakiyar Nilu, inda mace za ta ci kwalliya kamar ranar kai ta ɗaki, ta fito ta yi ta ƙwala murya da Italiyanci, manyan Alƙahira suna zaune suna share hawaye. Wasan kwaikwayo ne, sai dai ba a magana a cikinsa. Gaisuwa da waƙa, rigima da waƙa, mutuwa ma sai an ja ta da waƙa har mai kallo ya ƙosa. Kuma babu lasifika. Da maƙogwaronka kaɗai za ka tsallake makaɗa cike da rami, muryarka ta isa kujerar ƙarshe.

Daga Gadarif ta zo, cikin Hausawan Sudan. Ubanta ya turo ta karatun addini, ita kuwa ƙafarta ta kai ta makarantar kiɗa ta Giza. Da labari ya iske Malam bai tsine mata ba, bai kuma yafe ba. Cewa kawai ya yi kada a ƙara miƙa masa wayarta, kuma ba a ƙara ba. Duk sallah takan kira ƙaninta, ta ce ya ajiye wayar kusa da zaure, ta yi shiru tana sauraron tarin ubanta daga nesa.

A sanyin shekarar 2014 babbar mawaƙiyar wasan ta samu aiki a Turai, ta tattara ta tafi ana saura 'yan makonni a buɗe. Mayistro Hussain, mai jan ragamar makaɗa da mawaƙa da 'yar sandar da ba ta fi tsinken tsire ba, ya bi sahun baya da ido, ya nuna Israa.

"Ke. Alhamis ɗin buɗewa taki ce."

Murna ta sa ta yi abin da duk malamin murya yake hanawa. Ta yi gwaji a gidan opera, ta yi a banɗaki, ta yi a kan tukunya, har maƙwabcinta na sama ya riƙa buga mata ƙasa da muciya. Ana gab da ranar, murya ta fara dishewa. Madam Mariam, tsohuwar da ke horar da su a bakin fiyano, ta sa ta ta ja sauti ɗaya, ta ɗaga mata hannu.

"Khalas, ya isa haka. Daga yanzu har a ɗaga labule, ko uffan. Ba waya, ba dariya, ba kuka. Raɗa ma kada ki yi, ta fi ihu ɓarna. In kin kiyaye, za ta dawo. In kin ƙi, akwai 'yar Iskandariya da ta haddace komai, tana jira ki yi tuntuɓe."

Israa ta naɗe wuya da mayafi, ta koma ɗakinta tana shan ruwan ɗumi da zuma.

Laraba da hantsi sai ga Gwaggo Fatuma tana dukan ƙofa kamar an biyo ta. Ƙanwar Malam ce, tana da ɗakuna a unguwar Abbasiya inda take saukar da 'yan Sudan masu zuwa asibiti. Mace ce mai kirki, amma in ta ba ka labari sai ka zubar da rabi kafin ka kai gida.

"Ke 'yar nan, sa takalmi. Ubanki yana gidana."

Israa ta dafa bango.

"Aikin ido ya zo. Ya hana ni in gaya miki, na kuwa riƙe, Allah ya ga yadda cikina ya kumbura. Ɗaya idon kin san ya daɗe da tafiya, wannan kuma an yi aiki an rufe, sai can gida za a buɗe. Juma'a motarsu za ta kama hanyar Aswan. Jiya na yi ta yi masa naci har ya ce, to, ta zo. Yau ya ce, ba gobe ba. Kin san shi da juyawa."

Israa ta nuna maƙogwaronta, ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Na sani, na sani, an ɗaure miki baki. Ni zan yi magana, ai ba a taɓa rasa ta a wurina ba. Yalla, mu tafi!"

A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Israa ta tsara yadda za a yi. Za ta durƙusa, ta kama hannunsa, ta sumbata, Gwaggo ta yi bayani. Juma'a da safe, bayan an gama wasa, ta zo tasha ta zuba masa duk maganar da ta tara. Tsari ne mai kyau, ba ta dai sa ubanta a cikin lissafin ba.

Ɗakin cike yake da hayaƙin turaren wuta. Israa ta yi saurin ɗauke kaskon ta kai baranda, hayaƙi maƙiyin murya ne. Da ta juyo sai ta gan shi. Yana zaune a bakin gado cikin farar jallabiya, ya rame, gemun nan ya yi fari fat, auduga da filasta a ido ɗaya, ɗayan a lumshe. Ya karkato kunne wajen ƙofa yana jira.

"Yaya, ga ta nan," in ji Gwaggo. "Ta durƙusa. Tana gaishe ka."

"Ban ji ba."

"A zuci take yi."

"Ni kuwa kunnena bai kai zuci ba, Fatuma. Ba ta da baki ne?"

"An hana ta magana, Yaya. Gobe za ta yi babbar waƙa gaban manyan ƙasa, mai sanda ya ce in ta yi magana muryar za ta tsage."

Malam ya gyaɗa kai. "Au. Bakin na mai sanda ne yanzu."

Israa ta matso da gwiwa, ta kama hannunsa da hannu biyu, ta kai goshinta. Ya bar mata hannun. Ya shafa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa tafin, ya kai wuyan hannu. Rabonsa da wannan hannu tun tana budurwa mai dakan gero, yanzu kuwa ya yi laushi, ga farce a gyare. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Fatuma, Fatuma. Tun kina tallan gyaɗa kike yi mini wannan. Kin je ta ƙi zuwa, kin ji tausayina, kin ɗauko 'yar maƙwabta tun da makaho ne ba zai gane ba."

"Wallahi tallahi, Yaya!"

"Bar rantsuwa, kin rantse a kan abin da bai kai wannan ba." Ya saki hannun a hankali, ya dafa kan Israa. "Tashi ki koma gidanku, yarinya. Allah ya yi miki albarka, kin yi ladabi. Tawa ba ta zo ba. Ba laifinta ba ne, ni na rufe ƙofa."

Israa ba ta tashi ba. Ta tuna 'yar Iskandariya, ta tuna rigar da aka riga aka rage mata a ƙugu, ta tuna shekarun da ta yi tana kallon ƙeyar wasu matan. Ta dubi Gwaggo. Gwaggo, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗi ba, ta buɗe hannuwa kawai.

"Baba," in ji Israa. "Ni ce."

Hannun da ke kanta ya tsaya cak.

"Sake faɗa."

"Ni ce, Baba. Ina wuni?"

Da a ce nan aka tsaya, da babu abin da zai samu murya. Amma wa ya taɓa ganin gaisuwar Bahaushe ta tsaya a kalma biyu, balle ta shekaru? Lafiya lau, ya gajiya, ya sanyi, ya baƙunta, ya jiki, ya ido, ya hanya. In ta amsa sai ya sake tambaya, ba don bai ji ba. Daga nan aka shiga mutanen gida. Inna Hauwa, matar da ta yaye ta, ta rasu bara. Israa ba ta sani ba, an ɓoye mata. Dole ta yi masa gaisuwar rasuwa, dole ta yi kuka, kukan kuwa ba na fim ba, irin mai shessheƙa da kiran suna. Ta share ido ke nan sai ya ce Baffa Habu ma ya tafi. Gwaggo tana gefe tana taya ta, tana ƙara wasu mamatan da ma ba dangi ba.

Da kuka ya lafa sai hira ta ɓarke. Ya ba ta labarin rijiyar gidan da ta ƙafe, da ƙaninta da ya sayi babur ya faɗa kwata da shi ranar farko. Ta yi dariya har da tari. Maganar waƙa bai ɗauko ba, ita ma ba ta kawo ba. Sau biyu ta miƙe za ta tafi, sau biyu yana cewa, "Zauna tukuna, me kika ce sunan unguwar taku?" Sai da aka kira magariba ta fito, maƙogwaro yana yi mata zafi kamar ta haɗiyi yashi.

Alhamis da safe Madam Mariam ta zauna a fiyano, ta fara hawa da ita mataki-mataki. Ƙasa lafiya. Tsakiya da ɗan ƙura. Da aka zo sama, inda duk wasan ya rataya, sai murya ta tsage gida biyu, iska ta biyo baya. Madam ta rufe fiyano.

"Da wa kika yi magana?"

"Da babana."

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau. Mayistro Hussain ne ya shigo, ya ji da kunnensa, ya sosa gemu da sandarsa.

"Ma'alish, sai haƙuri, Israa. Ba zan sa ki gaban mutane ki karye ba, ba za su manta miki ba. Ki koma sahunki yau. Kada ki fitar da sauti, ki motsa baki kawai. Wata shekarar ma gani."

Wata shekarar, a bakin mai sanda, tana iya zama gobe, tana iya zama ranar da haƙora suka zube. Israa ta sani. Ta tsaya tana kallo aka saki ƙugun rigarta don ya shigi 'yar Iskandariya.

Da yamma, ana daidaita kayan kiɗa a rami, ta leƙa ta tsagar labule kamar yadda 'yan amshi suke yi don ganin ko gida ya cika. Can sama, a kujerun da ta ba Gwaggo tun makon jiya, ga wani farin rawani tsakanin baƙaƙen kwat. Ga baƙin tabarau. Ga Gwaggo kusa da shi cikin lulluɓin tobe mai ruwan goro, tana nuna wa makaho fitilu da yatsa. Israa ta saki labulen. Babu wanda ya gaya musu an canja.

Aka ɗaga labule. 'Yar Iskandariya ta fito, kuma gaskiya ta yi abin kirki, duk da an so a ce ba ta yi ba. Israa tana baya cikin mata masu kayan ƙauye, tana buɗe baki tana rufewa kamar kifi. Duk sanda 'yan amshi suka ɗauka, sai ta ga farin rawanin ya karkato gaba. A amshin ƙarshe ta kasa daurewa, ta cika ƙirji ta tura, ko da sauti ɗaya ne ya kai masa. Iska ce kawai ta fito. Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu.

Da aka tashi ta same su a farfajiya kusa da ƙofar fita, ko jan bakin wasa ba ta goge ba. Malam yana riƙe da sanda, yana fuskantar inda ba kowa.

"Ya ce makaho ba ya kallo, ji kawai ya zo yi," in ji Gwaggo. "Ni na ɗaura masa rawanin."

"Wannan gwaggon taki," in ji Malam, "matar nan tana fitowa ta hau zungurina, ga ta nan, ga ta nan. Na ce Fatuma ki ji tsoron Allah, wannan ba tawa ba ce. Tana da murya, ban hana ta ba. Amma ba tawa ba ce." Ya miƙo hannu, Israa ta kama. "Sai na ce to tana cikin masu amshi. Na yi ta tsince su ɗaya-ɗaya. Akwai mai hanci, akwai wata mai rawar murya kamar akuya. Na bi su har aka gama. Ban same ki ba."

"Ai Yaya, jiya ne da ka—"

Israa ta take wa Gwaggo ƙafa. Malam ya juya kai wajen ƙanwarsa, ya juyo wajen 'yarsa. Yatsunsa suka ƙara matse nata.

"Yaushe za ki yi taki?"

"Ban sani ba, Baba." Da ƙyar maganar ta fito, a shaƙe.

"To. In kin sani ki kira, in ji ko ƙafa za ta kawo ni." Gwaggo ta tare tasi, ta buɗe ƙofa. Ya sunkuya zai shiga, sai ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar. "Ko ba ki sani ba ma, ki kira."

Israa ta gyara masa jelar rawani kada ƙofa ta kama, ta rufe. Tasi ta hau gada ta shige cikin motoci, Gwaggo ta leƙo da kai tana faɗin wani abu da iska ta kwashe. Israa ta ja mayafi ta rufe wuyanta, ta tsaya a bakin titi har 'yan amshi suka fito suna kiranta ta zo su kama metro.