Sawun Bulbul Aman

Ƙafar Mirza Wali ta hagu ta nutse cikin laka har gwiwa. Ya ja, ƙafar ta fito, takalmin roba ya ƙi biyo ta. Sai da ya ciji sandar fatsa da haƙora, ya tura hannu cikin ruwan nan mai yankan ƙashi, sannan ya zaro shi. Wuri na uku ke nan da ya gwada tun fitowar rana, ko ɗan kifin da za a jefa wa kyanwa bai taɓa ƙugiyarsa ba.

A garinsu, Garam Cashma, ruwa ba ya yi masa haka. Kogin can ƙarami ne mai faɗa, yana dukan duwatsu, kuma Mirza ya san abin da ke bayan kowane dutse. Tirawut, kifin ruwan sanyi mai ɗigon ja a jiki, malalaci ne: yakan laɓe inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya jira abinci ya zo har bakinsa. To amma kogin Fandar, garin matarsa Gulsambar, a shimfiɗe yake, kore shar, shiru, ya rarrabu tsakanin gonakin dankali. Ba dutse, ba kumfa, ba alamar da masunci zai kama. Shekara shida da aurensu, har da 'yarsu Nasima, sau biyu Mirza ya taɓa zuwa, ɗaurin aure da wata ta'aziyya, duk ba da fatsa ba.

Bakinsa ne ya ja masa. Jiya da la'asar surukinsa, tsoho Dinar Shah, ya ce ya kwana biyu bai sa kifi a baki ba. Mirza ya bugi ƙirji ya ce, "Baba, gobe sai ka ture."

Gulsambar tana zuba shayi mai gishiri, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To ka bi Bulbul Aman. Duk kwarin nan ba mai kama kifi kamarsa."

Bulbul Aman ɗan kawunta ne, tare suka tashi. Dogo ne, mai dariya da dukan haƙora, kullum da gashin tsuntsu a hula. Ranar bikinsu wata tsohuwa ta ce da an bi ta tata, shi za a ba Gulsambar. Kowa ya yi dariya ya manta, ban da Mirza. Da suka keɓe jiya, tambaya ya yi ta jera mata: me ya hana Bulbul aure har yanzu, don me yake ce mata Gulo, wa ya saya masa babur. Ta amsa biyu, ta bar ta ukun.

Da safe kuma ga Bulbul a ƙofar gida. "Angonmu, hau mu tafi. Ruwanmu ba ya sakin jiki da baƙo."

"Ruwa ruwa ne, kifi kifi ne," in ji Mirza, ya nufi ƙasa da ƙafa saboda ya ga Bulbul ya nufi sama.

Yanzu rana ta take tsaka, ƙanƙarar kan duwatsu ta soma narkewa, kogin ya fara komawa kamar an zuba masa madara. In ya gama gurɓacewa, kifi ba zai ga ɗan cokalin ƙarfen da ke walƙiya a jikin ƙugiya ba, shi ke nan an tashi. Mirza ya juya duwatsun gefe yana duba tsutsa, ya bi lanƙwasa biyu, ya hau gada ya leƙa. Ya tambayi wani mai ban-ruwan dankali, mutumin ya nuna sama da haɓa ya ce, "Ka nemi Bulbul."

Bai neme shi ba, shi ya fito masa. Daga cikin itatuwan bakin ruwa Bulbul ya ɓullo, wando a jiƙe har cinya, da kifi biyar a tsire a reshe.

"A'a, sarkin ruwan Garam Cashma! Ina naka? Ko sun yi nauyi ka aika a kawo jaki?"

"Ƙanana nake ta samu, ina mayarwa."

"Allah sarki, mai tausayi." Bulbul ya zare biyu ya miƙo. "Riƙe ka kai wa Gulo. Ta fi son na kusa da wutsiya, a soya ya ƙone kaɗan. Ba mai ji a bakina."

Kishi ya turnuƙe Mirza har ya ji ɗaci a harshe. Shekara shida yana kawo kifi gida, bai taɓa lura da ɓangaren da take ɗauka ba.

"Riƙe abinka. Matata ba ta cin sadaka."

Bulbul ya yi dariyarsa, ya wuce inda ya jingine babur.

Mirza ya tsaya har ƙarar babur ta ɓace. Sannan ya yi abin da ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa wa kowa ba: ya sunkuya ya nemi sawun mutumin. Diddigen takalmin Bulbul na dama yana da faci, ya fito raɗau a kan yashi. Ya bi shi baya-baya, ta cikin itatuwa, ta kan wata katangar dutse, ta gefen gonar alkama, yana tafe yana zagin kansa. Sawun ya kai shi wani ɗan ɗakin niƙa, inda ruwa ke juya dutse, yana ta gurnani ba kowa a ciki. Ya raɓa ta jikin bango ya sauka.

Yana gani ya gane. Ruwan da ke juya dutsen daga idon ruwa yake, garau, yana faɗawa kogi ya yi wata doguwar hanya mai haske a cikin gurɓataccen ruwan. Ƙasan tsakuwa ce mai ɗaukar ƙafa. Ya shiga a hankali har gwiwa, ya jefa cokali can sama, ya bar shi ya gangaro ta bakin layin. A jifa na biyu sandar ta lanƙwashe. Kafin la'asar yana da uku, ɗaya ya kai tsawon damtsensa.

A gida, tsoho Dinar Shah ya ɗaga babban yana jinjinawa. "Kai, ɗan nan! Bulbul ne ya kai ka?"

"Ni kaɗai na nemo, Baba. Mai ido ba ya ɓata a ruwa."

Ya faɗa da ƙarfi don a ji a madafa. Sannan ya bi kifin can, ya tarar da Gulsambar a tsugune tana feɗe su. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa bayan hannu ta kakkaɓe masa kafaɗa. Garin alkama ya tashi fari.

"Ƙarƙashin ɗakin niƙan kakata," ta ce. "Ka tsaya a tsakuwar hagu ko? Ta dama tana da rami."

Mirza ya kakkaɓe ɗayar kafaɗar. Can ya ce, "Shi ya kai ki wurin?"

"Wa? Bulbul?" Ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. "Ni na kai shi. Ina shekara tara ake aikena niƙa, in zauna a bango ina kallon kifaye suna kiwo. Lokacin Bulbul ko tsutsa tsoro yake ji. Duk wurin da yake taƙama da shi ni na nuna masa."

Maimakon ya ji sanyi, sai abin ya ƙara ci masa rai. "Kika nuna masa, ni kika bar ni ina iyo a laka tun safe?"

"Baban Nasima, jiya tambaya nawa ka yi mini? Aurensa, baburinsa, sunan da yake kirana. Ko sau ɗaya ka ce, Gulsambar, ina kifi yake a garinku?"

Ya tsuguna ya ɗauki kwanon gishiri, ya riƙe mata.

"Akwai wuri ɗaya da bai sani ba," ta ce, tana tsaga cikin na ukun. "Shekara ashirin yana roƙona. Har babur ya ce zai ba ƙanena."

"Me ya hana ki?"

"Na ce na wanda zan aura ne. Ban san zan auri wanda ba ya tambaya ba."

Mai ya soma ƙara a kasko. Mirza ya dubi ƙofa, ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Gulsambar. Ina kifi yake a garinku?"

Ta yanke wutsiyar babban, ta ajiye ta gefe guda, ta jefa sauran cikin mai.

"Ci na wurin Bulbul tukuna," ta ce.