Fuskar Yaya a Kan Ɗan Fashi

Shekara ashirin da shida Baba ya yi a kamfanin kayan wasan yara, aikinsa sassaƙa fuskokin jaruman roba. Shi zai fitar da fuska, a yi ƙarfen zubi da ita, a riƙa ɗura narkakkiyar roba a ciki, kawuna su yi ta fitowa dubu-dubu. Shekarar da Yaya ya rasu a haɗarin babur, yana da ashirin da biyu, aka ba Baba aikin fuskar wani sojan lema. Bai shawarci kowa ba ya sassaƙa fuskar ɗansa.

Guda ɗaya ya kawo gida. Ambaliya ta tafi da shi, ta haɗa da hotunanmu kaf. Yanzu idon Baba ya tafi, ƙafa ta ƙi, kullum zancensa ɗaya: "Auta, fuskar yaron nan ta fara ɓace mini." Wallahi in ya faɗa sai na shige kicin na yi kukana.

Ba kasuwar da ban taka ba ina neman irin sojan nan. Daga ƙarshe wata abokiyar aikina ta tura ni gun kawunta, wai yana tara irin waɗannan. Na tarar da dattijo da furfurarsa, falo cike da kwalaye har rufi, kowanne da 'yar tsana a ciki, ko ledar ba a ɓare ba. Na ce a raina, Allah ya shirya, wani da jikoki yake fama, shi kuwa da 'yan tsana.

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya girgiza kai.

"Sojan lema? 'Yata, shekara guda aka yi ana buga shi. Ni ma nema nake."

Na miƙe zan tafi, ya ce in dakata.

"Kin san kamfani da maƙo. Ƙarfen zubi tsada gare shi, ba sa yar da shi. Jiki za su canza, su canza fenti, kai kuwa shi ne dai. Kan sojan nan sun sa wa ɗan kwana-kwana, sun sa wa direban jirgi. Na ƙarshe shi nake da shi."

Ya taka kujera ya sauko da wani kwali. Ɗan fashi ne, da baƙin gemu na fenti, da jan tabo a kunci, da wuƙa a hannu.

Raina ya ɓaci. "Haba Kawu! Yayan nawa ne ɗan fashi? Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba?"

"Kamfani bai san Yayanki ba," in ji shi a hankali. "Kuma in gaya miki gaskiya, lokacin ƙarfen ya riga ya gaji. Masu tarawa ma ba sa son wannan bugun."

Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya sa farce ya yage ledar da kansa ya miƙo mini. Na ji kunyar abin da na raya a kansa.

A gida na samo auduga da man goge jan farce, na yi ta dirza. Gemu ya fita, tabo ya fita. Amma abin da ya rage bai yi mini daɗi ba. Kumatu sun lotsa, goshi duk layi-layi inda ƙarfen ya tsattsage, gefen ido ya zubo. Wannan ba saurayin da na sani ba ne. Har na yi niyyar ɓoyewa in ce ban samu ba, sai Baba ya kira daga ɗaki.

"Auta, warin me nake ji haka?"

Na je na sa masa a tafin hannu.

Ya bi hancin da babban yatsa, ya bi leɓen, ya tsaya a goshi.

"Sun wahalar da ƙarfen nan," ya ce. "Ko mai ba sa shafa masa."

"Baba, ka yi haƙuri, shi kaɗai na samu."

Bai kula ni ba. Yatsan ya koma kan kumatun.

"Da yana raye, shekararsa nawa yanzu?"

"Arba'in da tara, Baba."

Ya ɗaga ɗaya hannun ya shafa nasa goshin, ya shafa nasa kuncin da ya lotsa. Hawaye ya gangaro masa.

"Ikon Allah," ya ce. "Kowa cewa yake uwarku ya ɗebo. Ashe da ya tsufa, da ni zai yi kama."